Injin janareta ya ƙi tashi da sanyin asuba: matakan gano matsalar kafin a kira bakanike

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini, daga masu shagon aski da cajin waya na Samaru har zuwa matan aure masu firiza a Tudun Wada da Gyallesu. Jiya da daddare lafiya ƙalau aka kashe inji, yau da asuba an ja igiya har kafaɗa ta sage, ko tari bai yi ba. Rana na ɗagawa kuma sai ya tashi da ja ɗaya kamar ba shi ba.

Dalilin a taƙaice shi ne fetur sai ya zama tururi kafin ya kama wuta, da sanyi kuwa nawa yake yi. Baƙin mai ya yi kauri, batir ya yi la'asar. Amma sanyin Zariya na Disamba da Janairu, duk da rawar ɗarin da yake sa mu, bai kai ya hana lafiyayyen inji tashi ba. Injin da ya wuce ja uku ko huɗu yana da wata lalura tun tuni, zafin rana ne ke rufa masa asiri. Ga kuma ƙurar hunturu da ba ta bar ko wace kafa ba.

Bayanin nan ya shafi injinan fetur na gida da shago: Honda GX160 da GX200 da 'yan uwansu na Sin da ake sayarwa da sunaye irin su Elepaq da Sumec Firman, da ƙaramin Tiger 950, da waɗanda ake ɗaurawa a bayan motocin talla da na masu kayan sauti. Ka bi matakan a jere. Na fara da waɗanda ba sa cin ko kwabo, sannan masu araha, sannan masu tsada. Yawancin asarar da mutane ke yi daga tsallake na farko a faɗa na tara take fitowa.

Kayan da za ka tanada

Sifanar filogi, galibi lamba 21 ce kuma tana zuwa tare da inji. Sifana lamba 10. Sukudireba mai faɗin baki da mai baki huɗu. Filaya mai roba a hannu. Tsohon burushin haƙori, tsumma, tocila, kwalba mai haske wadda ta bushe, da zare ɗaya na tagulla da za ka zaro daga tsohuwar wayar wuta. Sai sabon filogi guda a ajiye. Shi ne mafi arha a cikin kayan gyara, shi ne kuma aka fi nema da asuba lokacin da babu shagon da ya buɗe. Mai injin makulli ya ƙara da mitar auna batir.

Gargaɗi: a fili ake wannan aiki, nesa da murhu da kaskon garwashi da wutar da yara suka hura don jin ɗumi. Tururin fetur ƙasa yake bi, yana iya tafiya har inda wuta take ya dawo da ita.

1. Cire lodi, ka duba abubuwan da ake rainawa

Zare wayar da ta tafi gida ko shago, ko ka sauke makunnin da ke gaban injin. Inji mai sanyi ba ya iya tashi da firiza rataye a wuyansa. Sannan ka tabbata makunnin injin yana kunne, famfon mai da ke ƙarƙashin tanki a buɗe yake, kuma akwai fetur na gaske a ciki. Buɗe murfi ka haska da tocila; allurar da ke saman tanki ta sha yi wa mutane ƙarya. Idan ɗan kaɗan ne ya rage a gindin tanki, ƙara lita ɗaya ko biyu. Bayan ka buɗe famfo ka dakata kamar minti ɗaya kofin kabureta, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska, ya cika.

2. Baƙin mai

Nan ne na taɓa jin kunya. Wata asuba na ja igiya har ta tsinke a hannuna, na ɗora injin a Keke na kai wa mai gyara. Bai taɓa sifana ba. Ya kwance murfin baƙin mai, ya leƙa, ya zuba abin da bai fi kofin shayi ba, ya ɗaura igiya, ja ɗaya inji ya kama. Ya ce, "Malam, ai ƙishirwa ce kawai ke damunsa. Kawo kuɗin igiya, sauran kuma ka sai min shayi."

Waɗannan injina suna da wata 'yar na'ura a ciki mai lura da baƙin mai. Da zarar man ya yi ƙasa sai ta yanke wutar filogi, wato inji ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Da sanyi man ya yi kauri, ba ya saurin gangarowa inda take, saboda haka ƙarancin da ta yi haƙuri da shi jiya da rana, yau ba za ta yarda ba. Haka kuma idan injin yana kan gangare, kamar bakin kwata ko gefen dakali, man zai karkata gefe ɗaya.

Ajiye injin a wuri mai daidai, kwance murfin, goge sandar, mayar da ita ba tare da ka murɗa ba, ka zaro ka duba. Man ya kamata ya kusa taɓa leɓen ramin. Masu girman GX160 da GX200 suna cin lita 0.6, manyan irin GX390 lita 1.1. Wato galan mai lita 4 zai yi wa ƙaramin juye shida, ya fi sayen na kwalba-kwalba sauƙi.

Ka kuma shafa man tsakanin yatsu. Idan ya yi baƙi ƙirin yana ja kamar maɗi, juye shi. Honda 10W-30 ta ba da shawara a riƙa sawa, mu kuwa mun saba da SAE 40 saboda zafin bazara. Shi lamba 40 da sanyin asuba nauyi yake ƙara wa igiya, injin ba ya juyawa da saurin da zai ba da wuta mai ƙarfi. In za ka yi juye a farkon hunturu, sa 10W-30 ko 15W-40. Ƙa'idar juye ita ce bayan awa 20 ga sabon inji, daga nan duk awa 100 ko wata shida.

Gargaɗi: wasu masu gyara sukan cire siririyar wayar na'urar nan, mai fitowa daga jikin injin kusa da murfin mai, galibi ruwan ɗorawa ce. Cirewa don gwaji na minti ɗaya bayan an tabbatar mai ya cika ba laifi. Barin ta a cire kuwa sayar da inji ne a kan kuɗin kofin mai. Kada kuma ka cika man ya wuce ƙima, zai bi ya jiƙa filogi da soson iska.

Mai Tiger 950 ba shi da wannan mataki, domin shi a cikin fetur ake haɗa masa mai. Ma'auninsa kashi 1 cikin 50 ne, wato mililita 20 a kowace lita. Sayi sirinji mai 20 a kemis ka daina zubawa da ido. Yawan man da ake antaya masa "don ya yi ƙarko" shi ke kashe filogi da sanyi.

3. Cok da yadda ake jan igiya

Cok wani faifai ne a bakin kabureta da ke toshe iska don fetur ya yi yawa a cikin abin da injin zai shaƙa. Inji mai sanyi sai an rufe shi ruf. Mutane da yawa sun rikita ɓangaren rufewa da na buɗewa, musamman in rubutun ya goge. Idan ka kai mataki na shida ka cire soso, leƙa ka gani da idonka: faifan ya tare ramin gaba ɗaya, ko ya bar kafa? Hannun cok na roba ne, yakan cinye har ya daina rufe faifan sosai. Wannan kaɗai ya isa ya sa inji ya ƙi tashi da asuba amma ya tashi da azahar, kuma hannun kuɗinsa ƙalilan ne.

Ita kuma igiya ba da fushi ake fizgar ta ba. Ja a hankali har ka ji ta yi tauri, ka bar ta ta koma, sannan ka ja da sauri, ja ɗaya miƙaƙƙe. Raka ta da hannu ta koma, kada ka sake ta ta bugi murfi. Kada ka ja har ƙarshenta, nan take tsinkewa. In ka yi ja biyar bai ce komai ba, tsaya. Ci gaba da ja da cok a rufe fetur kawai yake tara wa injin har ya shaƙe.

4. Saurari abin da ya yi

Idan ya yi tari ya kama na daƙiƙa biyu ya mutu, wuta na nan, mai ne ba ya isa. Idan shiru ne gaba ɗaya kuma kana jin warin fetur, ya shaƙe ko babu wuta. Idan igiya ta zo sakwaf babu tauri, ko kuma tana fizge hannunka baya, ka riƙe wannan a ranka har mataki na goma sha ɗaya.

5. Fetur ɗin kansa

Fetur yana tsufa. Ɓangarensa mai saurin tashi, wanda shi ne ke tayar da inji mai sanyi, shi ke fara gudu. Wanda ya yi fiye da wata ɗaya a tanki ko a jarkar da ba ta rufu sosai ba zai iya tafiyar da inji mai zafi, amma ba zai tayar da mai sanyi ba. Alamarsa launi ya yi duhu, warinsa ya koma kamar na tsohon fenti.

Rufe famfo, zare tiyon da ya shiga kabureta, sa bakinsa a kwalbar nan, ka buɗe. Abu biyu kake dubawa. Na farko gudu: ya zubo sosai, ba ɗis-ɗis ba. Idan ya fara da ƙarfi ya rage, buɗe murfin tanki. In gudun ya dawo, 'yar kafar iska ta murfin ce ƙura ta toshe, wanke ta. Na biyu, ɗaga kwalbar sama bayan minti biyu. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi kwance a ƙasa kamar ƙwallayen gilashi. Iskar hunturu busasshiya ce, saboda haka ruwan da za ka gani yawanci ragowar damina ne, ko kuma ya zo a cikin galan ɗin 'yan bumburutu. In ka ga ruwa ko tsatsa, juye tankin gaba ɗaya. A ƙarƙashin famfon mai na yawancin injina akwai ɗan kofi da sifana lamba 10 ke kwancewa. Wanke shi, ka kula da robar bakinsa.

Ga masu janaretan da aka gina a jikin mota, irin na motocin nan masu ɗaki da gado da ake yawon shaƙatawa da su a Amurka: injinsu daga tankin motar yake sha, kuma da gangan aka yi tiyonsa gajere, ba ya kaiwa ƙasa da kusan rubu'in tanki, don kada ya shanye man tafiya. Mota na tashi, janareta ya ƙi, duba allurar mai tukuna. A yawancin irin waɗannan janareta ƙirar kamfanin Onan masu fetur, danne makunnin a ɓangaren kashewa na wasu daƙiƙoƙi yana sa famfo ya turo mai zuwa kabureta kafin ka tayar.

6. Soson iska

Baƙin akwatin da ke gefen kabureta, buɗe shi. Na ga na wani mai aski a bakin titi da sosonsa ya koma kamar tubalin ƙasa, ana ƙwanƙwasa shi ƙura na tashi. Toshewar soso tamkar cok ne na biyu: ka haɗa da na farko, fetur ya yi wa injin yawa, filogi ya jiƙe.

Idan soso ne, wanke da ruwan ɗumi da sabulu, matse shi ba tare da murɗawa ba, ka bar shi ya bushe sarai. Sannan ka ɗiga masa baƙin mai mai tsabta, ka matse har ya zama danshi kawai ya rage. Idan na takarda ne, kaɗe shi, kada ruwa ya taɓa shi. Littafin inji ya ce duk awa 50, amma a hunturun Zariya duk mako ya fi.

Gwada tayarwa sau ɗaya babu soso. In ya tashi, ka kama ɓarawo.

Gargaɗi: kada ka bar shi yana aiki a haka. Ƙurar da zai shaƙa a mako ɗaya za ta cinye ringi, wato zoben ƙarfen da ke riƙe matsi a cikin inji, fiye da aikin shekara.

7. Filogi

Zare hular roba, goge ƙurar da ke kewayen filogin kafin ka kwance don kada ta faɗa ciki. Bakinsa zai ba ka labari. Ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa ko soso ya toshe. Jiƙe da fetur, inji ya shaƙe. Busasshe ƙayau bayan duk jan da ka yi, fetur ba ya isowa. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa.

Idan ya shaƙe: rufe famfo, buɗe cok, kashe makunni, ka ja igiya sau biyar ko shida filogi na waje don silinda ta bushe. Goge filogin da burushi, ka bar shi ya sha iska.

Tazarar da ke tsakanin ƙarafan bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8 ce, kusan kaurin katin cirar kuɗi na banki. Da tsufa tazarar ke buɗewa, wutar kuma ta kasa tsallakawa idan injin na juyawa a hankali. Lambar da ta dace da yawancin injinan nan ita ce F7TC, ko BPR6ES na NGK; ƙaramin Tiger nasa daban ne, ka tafi da tsohon kasuwa.

Gwajin wuta: mayar da filogin cikin hularsa, riƙe da filaya mai roba, ɗora zarensa a kan ƙarfen injin, kunna makunni, wani ya ja. Duhun asuba ya dace da wannan. Shuɗiyar wuta mai ƙara tas-tas ake so. Ja-ja mai rauni, ko babu, sa sabon nan da ka ajiye. In sabon ma shiru, saura makunni, ko na'urar baƙin mai, ko kwayil mai ba filogi wuta, wannan kuma aikin mai gyara ne.

Gargaɗi: ka nisanta filogin daga ramin da ya fito, tururin fetur na fita ta nan. Wajen mayarwa kuma da hannu ake fara murɗawa har ya zauna, sannan sifana: rabin zagaye ga sabo, abin da bai kai rubu'i ba ga tsoho. Kan injin alminiyam ne, in zare ya ci, gyaransa ya ninka kuɗin filogi sau da yawa. Gasa filogi a kan risho da wasu ke yi yana tayar da inji yau, amma yana fasa farin tangaran ɗin jikinsa.

8. Gwajin rabin cokali

Wannan ne ke raba gardama. Zuba rabin ƙaramin cokali na sabon fetur a ramin filogi, mayar da filogi, buɗe cok, ka ja. Idan ya tashi na daƙiƙa biyu ko uku ya mutu, wuta lafiya, ƙarfin matsi lafiya, kabureta ce ba ta ba da mai. Je mataki na tara. Idan ko motsi bai yi ba alhali ka ga wuta mai kyau, tsallake zuwa na goma sha ɗaya, kada ka wahalar da kabureta.

Gargaɗi: rufe jarka ka kai ta nesa kafin a ja. Kada wani ya riƙa tsiyaya fetur a bakin kabureta wani na ja, wuta kan dawo ta nan. Fesa maganin sauro ko turare a bakinta ma ka bar shi.

9. Kabureta

Fara da mai sauƙi. A ƙarƙashinta akwai kofin ƙarfe mai noti biyu: na tsakiya shi ke riƙe kofin, na gefe wanda ya karkace na zubar da mai ne. Rufe famfo, sa kwalba, kwance na gefen. Sau da yawa ruwa ne cokali ɗaya ke kwance a nan, daidai inda injin ke tsotsa. Buɗe famfo na ɗan lokaci sabon mai ya wanke, ɗaure, gwada tayarwa. Injina da yawa a nan suke warkewa.

In bai yi ba, ɗauki hoton kabureta da wayarka ta kowane gefe, musamman sandar ƙarfe da siririn sifirin da ke samanta. Shimfiɗa farin tsumma a ƙasa, domin abin da zai faɗo ƙanana ne, in suka shiga yashi sai dai haƙuri. Kwance notin tsakiya da lamba 10, sauke kofin a hankali, ka lura da zoben robar bakinsa. Za ka ga fulot, wato robar da ke iyo a kan mai, rataye da ɗan ƙarfe. Ɗaga ta da yatsa ka buɗe famfo: tana sama mai ya tsaya, ka sake ta mai ya zubo. In ba haka ba, allurarta ta maƙale, zare ƙarfen ka wanke.

A cikin bututun tsakiya akwai jet, wani ɗan noti na tagulla mai rami kamar na allura. Nemi sukudireba da ta cika bakinsa daidai, don tagulla taushi gare ta, in bakin ya lalace ba ya fita kuma. Bayansa wani siririn bututu mai ƙananan huji a jiki zai zamo. Ɗaga su ga haske. Duk ramin da ba ka ga haske ta cikinsa ba, zura zaren tagullar nan, ka wanke da fetur mai tsabta ko maganin wanke kabureta na gwangwani.

Akwai jet na biyu da yawancin mutane ba su san da shi ba. A saman kabureta yake, baƙar roba ce, kan wani sukurun roba ya danne shi. Ƙirga zagayen da ka yi wajen kwance sukurun don ka mayar da shi yadda yake, sannan ka ɓamɓaro jet ɗin a hankali. Raminsa ya fi na farko ƙanƙanta, shi ya sa ya fi saurin toshewa. Injin da ke hawa yana sauka kamar mai haki, ko wanda ba ya zama sai da rabin cok, galibi nan ne ciwonsa.

Kafin ka ɗaure, duba gasket, wato siririn kwalin da ke toshe kafa tsakanin kabureta da inji. In ya yage, iska na shiga ta bayan fage, cok ya zama banza.

Gargaɗi: kada ka sa allurar ɗinki ko wayar ƙarfe a ramin jet. Za ta faɗaɗa shi, inji ya koma shan mai da hayaƙi har abada, gyaran gangar Abzinawa ke nan. Kada ka hura da baki. Kada kuma ka taɓa sukurun da ke ja wa gwamna, wato na'urar daidaita gudun inji, sifirin: shi ke riƙe injin a juyi 3,000 a minti, in ya wuce haka kayan wutar gidanka ne za su biya.

Idan cikin kofin ya yi fari-fari ya ci, ko ka wanke sau biyu ba canji, sayi sabuwar kabureta ɗungurungum. Ta injinan Sin ba ta kai abin da za ka kashe a zuwa wurin mai gyara sau biyu da kuɗin Keke ba. Tafi da tsohuwar shagunan kayan inji na Sabon Gari a gwada, domin hannun cok da bakin tiyo sukan bambanta ko da lamba ɗaya ce.

10. Batir, ga masu makulli

Murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas, ko injin ya juya kamar mai jin barci, ja igiya. In ya tashi da igiya, batir ne. A mita, cikakke yana nuna volt 12.6, 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 ya sauka. Idan lokacin murɗawa ya faɗi ƙasa da 10, ya gaji ko da an yi masa caji. Farin garin da ke kan kawunansa a wanke da ruwan zafi, a kankare, a ɗaure tam.

Gargaɗi: baƙar waya ake fara cirewa, ita ake mayarwa a ƙarshe. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 5. Huta daƙiƙa 10 kafin ka sake, in ba haka ba sitata ta ƙone. In za ka ara daga batirin mota, motar ta kasance a kashe.

11. Bawul da ƙarfin matsi

Nan ne iyakar mai gida. Igiya sakwaf na nufin matsi ya zube: bawul, wato 'yar ƙofar shigar mai ko ta fitar hayaƙi, ba ya rufuwa, ko ringi ya cinye. Zuba ƙaramin cokali na baƙin mai a ramin filogi ka ja. In tauri ya dawo, ringi ne. Igiya mai fizgewa kuwa yawanci tazarar bawul ce ta buɗe. A injin GX160 da ire-irensa tazarar ita ce milimita 0.15 ga na shiga, 0.20 ga na fita, kuma inji na sanyi ake saitawa. Saitin bawul aikin rabin awa ne ba tare da sayen komai ba, canjin ringi kuwa sai an farke injin. Saboda haka in ka je, ka jera wa mai gyara abin da ka riga ka duba, ka ce a fara auna bawul da ma'auni a gabanka. Duk abin da aka canja kuma a ba ka tsohon.

12. Masu iskar gas da masu dizal

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 mutane da dama suka mayar da injinansu gas ɗin girki. A kan gas yawanci cok a buɗe ake barinsa. Danna maɓallin da ke jikin kaburetar gas ɗin daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ka ja. Tukunyar da ta kusa ƙarewa kuma ta kwana a sanyi ƙarfinta raguwa yake yi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tayar da fetur, ya yi ɗumi, ka rufe famfo, yana fara shaƙewa ka buɗe gas.

Gargaɗi: kada a kwantar da tukunya, kada a kai ta kusa da wuta don ta yi ɗumi. Yoyo da ruwan sabulu ake nemansa.

Shi dizal, wanda mu kan kira man gas har a rikice da na sama, ba shi da filogin wuta, zafin matsi ne ke kunna shi, shi ya sa ya fi kowa jin sanyi. Mai hita a tsayar da makulli a wurin hita har fitilarta ta mutu kafin a murɗa. Mai silinda ɗaya a danna ɗan hannun sassauta matsi da ke samansa kafin a ja. In mai ya taɓa ƙarewa, iska ta shiga: sassauta notin da ke kan matatar mai har kumfa ta daina fita. Bututun ƙarfen da ya tafi nozul kada ka kai hannu kusa da shi inji na juyawa, man da ke ciki na iya huda fata.

13. Bayan ya tashi, da daren gobe

Yana kamawa, buɗe cok rabi, bayan 'yan daƙiƙoƙi ka buɗe duka. Ba shi minti biyu ko uku babu lodi, sannan ka fara da mai nauyi, firiza ko famfon ruwa, sauran su biyo ɗaya bayan ɗaya. In ba gaggawa kake ba, fitar da shi hantsi ya sha rana na minti ashirin, ya fi duk wata dabara arha.

Gargaɗi: kada sanyi ko tsoron ɓarawo ya sa ka kunna shi a zaure, ko baranda mai rufi, ko shagon da aka ja ƙofarsa. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, kuma hunturu ne lokacin da kowa ke toshe taga. Nesa da ƙofa da taga kamar mita 6, bakin salansa na kallon waje.

Da daddare ka cire lodi, ka bar shi ya yi minti ɗaya, ka kashe, ka rufe famfon mai. In zai yi fiye da wata ba a kunna ba, zubar da man kofin kabureta ta notin gefen nan. Sannan ka lulluɓe shi da buhu ko tsohon bargo saboda ƙura, amma sai ka taɓa kusa da salansa ka ji ya huce tukuna, domin buhun leda narkewa yake yi ya manne a jikinsa.